Ordinatar na neman haukata ni, ku da kuke wuni gabanta ya kuke yi?

Mai_Sezi

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku, ya munka ji da zahi. Ni dai yau kuka na kawo, in akwai mai magani ya taimaka, in babu ko jaje ne a yi min.

Ina da ɗan shago nan kan hanyar jami'a inda nike sezi, wato buga ma mutane rubutu a ordinatar, da fotokofi da fidda takardu, bana shekara shida kenan. Kun san yanzu lokacin memwar ne, wato kundin binciken gama karatu, ɗalibai kowa na gudu ya aje tashi kahin ranar sutnas da zai kare ta gaban malamai. Wani yaro ya kawo min tashi rubutun hannu, shafi sittin da wani abu, ga tabulo ga lissahi, rubutun kuma kamar kaza ta yi tono. Kwana ukku ina kai. Jiya wajen ƙarhe ukku na rana ina shafi na 47, zuhwa na ɗiga har kan takardar yaron, sai na ji ɗif, bantilatar ta tsaya, ekaran ya yi baƙi. An ɗauke kuran. Ondilar ɗina, akwatin nan mai riƙe ma inji wuta in an ɗauke, batirinshi ya mutu tun watan azumi, ƙara ɗaya ya yi ƙiii ya bi sahu. Na ce to ba komi ai na yi ajiya ɗazu. Kuran bai dawo ba sai bayan magariba, na kunna, na sa kile ɗin USB na yaron tunda kanshi nike aikin kai tsaye, wallahi babu memwar babu dalilinta. Dosiyoyin da ke ciki duk sun koma wasu abubuwa masu ƴar kibiya a gindi, in ka danna sai wata baƙar taga ta buɗe ta ruhe da kanta, shikenan.

Ban san sanda na kai ma kilabiye duka ba, har maɓalli biyu sunka yi tsalle, ɗaya har yanzu ban ganshi ba, ina jin ya shiga ƙarƙashin injin fotokofi. Amma ba wannan ne ya hana ni kwana ba. Na isa gida, ɗiyata ƴar shekara huɗu ta sheƙo da gudu ta rungume min ƙahwa kamar yadda ta saba, na daka mata wata irin tsawa, yarinya ta tsaya tana kallona ko kuka ta kasa. Uwarta ba ta ce uffan ba, ta aje min tuwo ta ja ta sunka shige ɗaki.

Kuma ba jiya kaɗai ba, abin kullum ne, in na kunna ta da sahe sai na share shago na sha koko na dawo ba ta gama tashi ba, injin fidda takarda ba ya cin takarda sai ranar da mutum ke tsaye shina ce min kabu-kabu na jiranshi, in sayi forfe in haɗa da waya don in aika takarda guda sai in ga mega ta ƙare wai ashe mizajur, sabunta kanta, ta shiga yi ba ta shawarce ni ba, da dare idona kamar an watsa barkono, wuya ba ya juyuwa.

Tambayata biyu ce. Memwar nan na iya dawowa? Yaron zai zo asabar kuma ban hwaɗa mishi ba. Ta biyu, ku da kuke wuni gaban wagga aba, don Allah ya kuke yi da zuciyarku?

Ɗan_Mokoyo

Hhhhh Allah sarki Mai Sezi, sannu. Ni na daɗe da gano injin fidda takarda na jin warin sauri kamar yadda kare ke jin warin tsoro. In kana so ya yi aiki kar ka nuna mishi kana bukata, ka yi kamar wucewa za ka yi ka danna da gefen hannu.

Maɓallin da ya ɓace wane ne? In S ne to daman ba ka amfani da shi tunda ba ka ajiya 😂

Mai gyara Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Malam kahin komi: KAR KA FORMATE KILE ƊIN, kar kuma ka ƙara aje wani abu kanshi. Na san wani zai zo ya ce ma a formate, kar ka yarda.

Abin da ka kwatanta birus ɗin rakursi ne, rakursi su ne abubuwan nan masu ƴar kibiya, duk sati sai an kawo min irinshi, yawanci daga shagon sezi ko sibar. Galibi ba ya share komi, ɓoyewa yake, ya aje ma na bogi masu kibiya don ka danna, kana dannawa shi kuma ya shige injinka. Ka duba nauyin kile ɗin, in ya nuna har yanzu akwai kaya ciki to aikinka na nan. Je wurin wanda injinshi ke da tsabta da antibirus na kirki, a sa kile a duba harahin da ya ɗauka, misali E. A danna maɓallin Windows da R tare, a rubuta cmd, baƙar taga za ta hito, sai a rubuta haka daidai:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

In harahin F ne a sa F. A jira ta gama. Dosiyoyin gaskiya za su bayyana, wani sa'in suna cikin wani dosiye maras suna, a buɗe shi. A kwashe su gefe, sannan a share masu kibiyar.

Na biyu, Word da kanta tana ɗan aje ma kwafin ceto duk minti 10 in ba a taɓa saitin ba, kuma cikin injinka take aje shi ba kan kile ba. Bayan an ɗauke wuta in ka buɗe ta yawanci tana nuno ma shi gefen hagu, mutane cikin haushi suke ruhewa ba su karanta ba. In ba ta nuno ba shiga Fichier, Options, Enregistrement, za ka ga hanyar inda take ajewa, bi ta ka nemi mai ƙarshen .asd. Kana nan wurin ka maida minti 10 ɗin ya koma 2, garin da ake ɗauke kuran ba sallama minti goma ya yi yawa.

Yanzu bari in hwaɗa ma wadda ba za ta yi ma daɗi ba. Tunda ka danna abubuwan nan, injinka ya kamu, ƙila ma ba yaron ya kawo ma ba, kai ka sa mishi. Duk kile ɗin da anka sa wurinka tun jiya ya tahi da guzuri. Sai an wanke injin. Kuma daga yau doka: ba a aiki kan kile. Ka kwaso aikin ka aje cikin injin, ka gama, sannan ka maida. Kile abin ɗauko kaya ne kamar amalanke, ba a gina ɗaki kanshi, in wuta ta tahi daidai lokacin da yake rubutu fayil ɗin na iya lalacewa ko babu birus.

Ondilar kuma ba sai ka sayi sabo ba, mafi yawan ƙananan nan batiri guda ne ciki mai bolt 12, 7Ah, kusa huɗu za ka kwance ka canza. Ba zai riƙe ka awa ba, ƴan mintoci ne, amma sun isa ka aje ka kashe cikin mutunci. Maganar nauyin tashi, in har tsohon diski mai juyawa ne ciki sa mata SSD, sabon irin diski mai sauri da ba ya juyawa, wanda duk ya canza sai ya dawo shina min godiya, in RAM ɗinka jiga 4 ne ka kai shi 8. Kuma yaushe rabon da a buɗe ta a hure? Bayan hunturu in na buɗe injinan garin ga ƙurar da nike tararwa ta isa a shuka gujiya, fanka ta toshe, ga zahin watan huɗu da biyar ya wuce digiri 40, dole ta riƙa ja da ƙahwa ko ta mutu da kanta. Mega kuma, shiga saitin Wi-Fi ɗin wayarka cikin ordinatar ka kunna connexion limitée, za ta rage ɗibar manyan mizajur. Amma ka riƙa barinta tana yi lokaci lokaci in ka samu rezo mai arha. Wane Windows ke gare ka ma? In 7 ne tun Janairun 2020 Microsoft ta daina kula shi, 10 ɗin ma 14 ga Oktoban 2025 ne ƙarshen tallahinshi na kowa da kowa.

Maman_Biyu

Mai gyara ya gama da ɓangaren inji, ni ta yarinyar nan ce ta tsaya min a rai. Ƙanena yau kar ka shiga gida hannu rabbana, ko biskit na dala ashirin ne, ka ɗauke ta ka ɗora a cinya, yara ba su da riƙo amma suna koyon tsoro. Uwar ma ka ba ta haƙuri da baki, ba wai ka shigo kana fara'a a wuce wurin ba.

Shekarata 14 ina sakatariya a wani biro, duk abin da ka lissafa na sha. Kuma da na zauna na duba, rabin haushin da nake cewa na kwamfuta ne ba nata ba ne, na mutumin da ke tsaye a bayana ne. Injin ya tsaya minti biyu kana kai kaɗai, ba komai, ka miƙe ka sha ruwa. Ya tsaya minti biyu wani na huci a ƙeyarka yana cewa har yanzu? sai ka ji kamar ka jefa shi ta taga. Ni juya tebur na yi, bayana ya koma bango, mai jira yana ganin fuskata ba ya ganin ekaran, na sa benci nesa kaɗan. Kuma na daina cewa yanzun nan. Aikin awa ɗaya sai in ce a dawo bayan la'asar, in na gama da wuri na zama gwana, in kuran ya tafi ina da sarari. Kai ma da ka ce ma yaron nan sati ɗaya da yanzu ba ka cikin wannan hali.

Kuma ka kira shi yau ɗin nan ka faɗa mishi, kar ka bari sai asabar ya zo da murnarshi. Rubutun hannun na wurinka ai, ba a rasa komai ba sai wahalarka. Wataƙila ma yana da abokin da zai karanto maka kana bugawa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, musamman irin rubutun kazar nan.

Abin da nake yi kullum kafin in tashi, duk aikin da ya fi shafi goma sai na tura ma kaina ta WhatsApp, akwai inda mutum ke aika ma lambarshi saƙo, ko in jefa shi Google Drive, jiga 15 suke ba kowa kyauta, takardar Word kuma ba ta cin mega in ba hotuna aka cika mata ba. Sunan ma da kwanan wata nake sawa, memwar 12, memwar 13, in ta yau ta lalace ta jiya na nan.

Ido kuma, mutum in ya ƙura ma ekaran ido yana rage ƙiftawa bai sani ba, ga iskar bantilatar na bugun fuska ga ƙura, shi ne barkonon da kake ji. Kauda bantilatar daga saitin fuskarka. Duk kamar minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu can nesa, ƙetaren titi, ka ƙirga ashirin. Ni da farko mantawa nake, sai na ɗaura abin da shafi, duk na gama shafi biyu in danna Ctrl da S in kalli bishiyar dogon yaro da ke bakin ƙofa, tsuntsu biyu kenan. Ƙara girman shafin a ekaran, wato zoom, ya kai 130% ko 140% ka daina leƙe, ɗora ekaran kan rim ɗin takarda biyu ya zo daidai idonka, wuyan zai saki. Kar ekaran ya kalli ƙofa hasken rana na dukanshi. In duk ka yi haka ciwon kai bai bari ba je a auna maka ido, ni shekara biyu ina zagin inji ashe gilashi nake bukata. Kuma don Allah ban da maganin ɗigawa na masu talla a kai.

Ɗan_Mokoyo

Hajiya wannan dabara ta juya tebur ai mu ta cuta, dama ku ne in an zo ana jira kuna can kuna karta a ekaran kuna ce muna rezo ne babu 😂

Maman_Biyu

Ɗan Mokoyo ka kiyaye ni, Allah ya kawo ka biro neman takarda za ka ga rezo.

Mushe mai ritaya

Salamu alaikum. Na karanta duka, na yi dariya na kuma tausaya. Ɗana, mu da munka yi zamanin keken rubutu da sitansil, in ka kuskure harahi guda a ƙasan shafi sai ka shafa wani jan ruwa mai warin tsiya ka jira ya bushe, ko ka sake shafin ɗungurungum, ba za mu ce muku kun ji daɗi ba don kowa da irin tashi. Amma abu guda, keken rubutu bai taɓa haɗiye aikin kwana ukku ba. Abin da ka buga ka buga. Shi ya sa har gobe in ina dogon rubutu duk shafi goma sai na fidda shi a takarda, ƴaƴana na min dariya, su yi ta yi.

Inda ban bi Mai gyara ba shi ne jerin sayayya. SSD, RAM, batiri, mutumin da ke amsar dala-dala kan fotokofi ina zai kai? In kuɗɗin abu guda gare ka, ni a ganina tara su za ka yi ka sayi laftof ta hannu mai batiri mai rai, sezi ba ya son wani babban inji. An ɗauke kuran ko a jikinta, kana da awa biyu ko ukku, in ka samu ƙaramin fano da batiri ma ka manta da zancen. Ba mu manta ba ai, wutar nan tamu ta Najeriya take zuwa, layin Katsina zuwa Gazawa, da anka yanke ta a Agustan 2023 sai Maris na 2024 anka maido, lokacin masu laftof da fano ne kaɗai sunka ci gaba da aiki kamar mutane. Sai dai in za ka saya ka duba kilabiye. Na Kano yawanci QWERTY ne, mu kuma hannunmu ya saba da AZERTY tun lakwal, za ka nemi A ka samu Q, M ta koma wani wuri, babu é babu ç a rubuce. Ana iya juya shi da maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara in an sa harsunan biyu, yatsu su bi abin da sunka sani ido ya bar kallon maɓalli. Wannan juyin ma shi ke hwaruwa da mutane bisa kuskure, Alt da Shift su haɗu, mutum ya yi ta sa kalmar sirri tana ƙi ya rantse an mishi kutse. Sharjar ma mai ƙahwa ukku irin ta Ingila za a ba ka, ka canza igiyar da mai ƙahwa biyu irin tamu, ka rabu da adaftar nan mai rawa da ke tartsatsi.

Ni nawa haushin na kullum wani ne dabam. In rubuta Hausa, Word ta bi ta ja ma kowace kalma jan layi kamar ni ne ɗalibi ita ce mushe, shekara talatin ina jan biro a kan yara yau ga shi an rama musu. Ga haruffa masu ƙugiya babu su a kilabiye, ka rubuta ƙasa ta hito kasa, ka ce ɓata ta zama bata. A waya Gboard na da Hausa, abin ya zo da sauƙi. A Word kuwa lambobi na haddace kamar tabul, 0199 don ƙ, 0257 don ɗ, 0253 don ɓ, 01B4 don ƴ tamu ta Nijar wadda ƴan Najeriya ke rubutawa da 'y, ka buga lambar ka danna Alt da X, in bai yi ba gwada Alt da C. Daga baya na sa su cikin gyaran kai-tsaye, in na buga k sau biyu da alama sai ta juye da kanta. Na kauce hanya, a yi haƙuri da tsoho.

Zancen zuciya, abin da nike yi ba wani sirri ba ne. In ta tsaya cik ba na zama ina kallonta, kallon ne ke tahwasa jini, kuma danne-dannen da mutum ke yi cikin haushi shi ke ƙara mata kaya. Tashi nike in yi alwala ko in taka bakin titi in dawo. Sau da yawa kahin in dawo ta warware.

Mai gyara Sabon Gari

Mushe da girmanka, laftof ta hannu mai batiri mai rai ai ita ce ba a samu da arha, mai saidawa zai rantse ma awa huɗu, ka kai gida minti arba'in. Kuma zahin nan namu na cin batiri, nawa na gani sun kumbura har sun ɗaga kilabiye, barin ma waɗanda ake ɗorawa kan katifa ko darduma ramukan iska su toshe. Batirin ondilar ya hi komi arha cikin abin da na lissafa, shi ya kamata ya hwara da shi. In zai sayi laftof ɗin ya zauna shagon ya cire sharja ya kunna bidiyo ya ga yadda kashin ke sauka da idonshi.

Mushe mai ritaya

Na yarda da gwajin bidiyo. Sauran kuma kai mai gyara ne, dole ka so inji mai kusoshi da yawa.

Mai_Sezi

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga yadda ta kaya.

Na kai kile wurin wani abokina munka yi abin da Mai gyara ya ce, sau biyu muna kuskure don mun manta tazara kahin /d, na ukku sai ga dosiyoyi sun hito cikin wani maras suna kamar yadda ka hwaɗa. Memwar na ciki amma ta ƙi buɗewa da kyau, daga shafi na 31 sai wasu ƴan akwatuna da alamun tambaya. Na koma injina na bi hanyar nan ta Enregistrement na samu .asd guda, ya kai shafi na 38. Ke nan tara sunka tahi, kuma cikinsu har da manyan tabulo biyu da sunka hi komi cin raina. Na kira yaron na hwaɗa mishi, ya yi shiru har na zaci rezo ne ya yanke, can ya ce to Malam ya za a yi. Jiya da dare ya zo da kanshi shina karanto min ina bugawa, wani wurin shi ma sai ya tsaya ya kasa karanta rubutun nashi, munka kai 52 kahin a sake ɗaukewa. Wannan karon layi biyu kaɗai na rasa.

Kuma Mai gyara gaskiyarka, injina ne ke rabawa, antibirus ya kamo abubuwa har a kile na kaina. Mutum huɗu na tuna da sunka sa nasu wurina cikin satin, biyu na same su, biyu ban da lambarsu. Windows 7 ne, kar ka yi min hwaɗa. Batirin ondilar sai ƙarshen wata in ɗalibai sun biya.

Hajiya, na kai biskit. Ta amsa ta cinye a cinyata, sannan ta je ta ce ma uwarta Baba ya warke. Tebur ne dai bai juyu ba, igiyar injin fotokofi ba ta kaiwa, sai na samo rallonji.

Ɗan Mokoyo, ba S ba ne, Échap ne. In wani na da mataccen kilabiye AZERTY da ba ya so ya taimaka min da shi, yanzu da bakin biro nike dannawa.